Doguwar Takarda Da Gajeren Lokaci

A zamanin da, idan Sarki yana da saƙo zuwa ga talakawansa, mai shela ake kira. Sai ya bi gari unguwa-unguwa, ya tsaya a bakin kasuwa ko a ƙofar masallaci, ya ɗaga murya ya ce wa jama'a Sarki ya gaishe su, sa'an nan ya faɗi abin da aka aiko shi da shi. Wanda bai ji ba ya tambaya, a maimaita masa. Ba wanda ke riƙe wa mai shela agogo, inda saƙo ya ƙare nan maganarsa take ƙarewa. Magajinsa na wannan zamani, watau mutumin da ake miƙa wa takarda ya karanta a gaban makirufo, ko talla ce, ko sanarwa, ko wasan kwaikwayo na rediyo, bai sami wannan sarari ba. Shi lokacinsa da kuɗi ake saye, daƙiƙa 30 ko 45 ko 60, kuma da zarar sun cika za a rufe shi, ko da kuwa yana tsakiyar kalma.

Wannan maƙala ta shafi ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wani dattijo mazaunin Kano wanda ya yi kusan shekara 40 yana cin abinci da muryarsa. Tsararrakinsa Malam suke ce masa, yaran sutudiyo kuwa Baba, saboda haka a nan ma Malam za a kira shi. Abin da za a duba shi ne yadda yakan yi idan aka kawo masa takardar da ta fi lokacinta tsawo, da kuma abin da ya same shi a kan haka a daminar 2021.

Mafarin Al'amarin

Malam ya shiga wannan sana'a a farkon shekarun 1980, lokacin da gidajen rediyon ƙasar nan duk na gwamnati ne. Ya tashi yana sauraron Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ji su Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama, ya ji Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, har ya ƙudura a ransa shi ma wata rana sai an ji shi daga cikin akwati. Allah Ya cika masa burinsa. Aka fara ba shi ƙananan wurare a wasan kwaikwayo, yau ɗan aike, gobe ɗan doka, daga nan aka soma jarraba shi da sanarwa.

A wancan lokaci a kan zare ake ɗaukar magana, kuma idan ana so a cire wani abu sai injiniya ya sa reza ya yanke zaren, ya liƙe bakunan biyu. Aiki ne mai cin lokaci, zaren kuma yana da tsada. Saboda haka duk mai karatun da zai iya cusa doguwar takarda a cikin gajeren lokaci ba tare da an taɓa reza ba, shi ne ɗan lele. Malam kuwa Allah Ya ba shi sakin harshe da dogon numfashi, har ya zama idan takarda ta gagari kowa sai a ce a nemo shi.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, aka kawo sanarwar rabon takin zamani, an jera gundumomi, kowace da ranarta. Abin da ya kamata a karanta cikin minti ɗaya da ɗoriya, Malam ya zuba shi cikin daƙiƙa 45, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka yaba masa ƙwarai. Bayan mako uku ya je ƙauyensu gaida mahaifiyarsa. Shi ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunansa. Da suka gama gaisawa sai ta ce, "Ɗan nan, mun ji ka a akwati. Duk gida an taru, har da maƙwabta. Muryar taka ce, na shaida ta. Amma wai me ka ce ne? Kawunka ya ce ranarmu Laraba, mai unguwa ya ce Talata ya ji."

Kawun ya je ran Laraba, ya tarar an gama rabo tun jiya. A wannan shekara a kasuwa ya sayi ɗan abin da kuɗinsa ya kai, sauran gonar ta kwana haka nan. Ba wanda ya ɗora wa Malam laifi, a ƙauyen ma alfahari ake yi da shi. Amma a kan hanyarsa ta komawa ya yi ta juya abin a ransa. Ya lura cewa a ofis abu ɗaya aka duba, watau ko karatun ya shiga cikin lokacin da aka saya, kuma a kan wannan aka biya shi. Ko mutumin da aka yi sanarwar dominsa ya fahimta, wannan ba wanda ya tambaya. Tun daga ranar ya fara kallon saurin bakinsa da wani ido dabam.

Abin Da Ke Sa Takarda Ta Yi Tsawo

Da shekaru suka tura, Malam ya gane cewa doguwar takarda ba daga sama take faɗowa ba, tana da dalilanta, kuma kusan kullum su ne dai.

Na farko, yawancin irin waɗannan takardu da Turanci ake fara rubuta su, da Turanci kuma ake auna su. Masu rubuta labarun rediyo na Turanci suna da ƙa'idar da suka saba da ita, kalma uku a kowace daƙiƙa. Idan takarda ta cika minti ɗaya cif a Turanci, sai a miƙa wa mai fassara, a ɗauka a Hausa ma minti ɗaya za ta ci. Ɗalibin Hausa ya san ba haka ba ne. Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙaƙe su taru a farkonta, shi ya sa idan aka aro kalma sai an cusa mata wasula. Kalmar Turancin da ta haifi burodi gaɓa ɗaya ce, burodi kuwa gaɓa uku. Haka benci ya tashi daga ɗaya zuwa biyu, bokiti daga biyu zuwa uku. Bugu da ƙari, abubuwa da yawa na likitanci da na ofis waɗanda Turanci ke faɗa da kalma guda, a Hausa sai an bayyana su, alal misali ƙarewar ruwa a jiki, ko allurar rigakafi.

Na biyu, alƙaluma. A kan takarda 1,500 ba ta fi kalma ɗaya cin wuri ba, amma a baki dubu ɗaya da ɗari biyar ce, kalma biyar ke nan. Lambar wayar hannu ta Nijeriya alƙaluma 11 ce, kuma ba ta da amfani sai an karanta ta yadda mai sauraro zai iya rubutawa.

Na uku, Hausar fassara, wadda ke bin jimlar Turanci sawu da ƙafa. Inda Bahaushe zai ce yanzu, sai a rubuta a daidai wannan lokaci da ake ciki. Inda zai ce jama'a, sai a rubuta ana kira ga ɗaukacin al'umma baki ɗaya da su. Inda zai ce a wanke hannu, sai a rubuta a tabbatar da cewa an gudanar da wanke hannu. Waɗannan su ne ƙaiƙayin takarda, ana iya sheƙe su ba tare da ƙwaya ɗaya ta faɗi ba.

Na huɗu kuwa shi ya fi wuya, domin ba na harshe ba ne. Takarda takan bi ta hannaye da yawa kafin ta iso sutudiyo, kowane hannu yana ƙarawa, ba mai ragewa. Wannan ya ƙara sunan ofishinsa, wancan ya ƙara muƙamin maigidansa, wani ya ƙara godiya ga wanda ya ba da kuɗi. Mai murya shi ne na ƙarshe a layi, saboda haka a bakinsa nauyin duka yake sauka.

To, me zai hana a yi sauri kawai? Amsar tana cikin harshen kansa. Hausa tana bambanta ma'ana da tsawon wasali da kuma karin sauti, abubuwa biyu da rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Gari na mutane da gari na tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su. Ya tafi na iya zama labarin abin da ya riga ya faru, yana kuma iya zama umurni, muryar mai karatu ce kaɗai za ta nuna wanne ake nufi. Tsakanin a sha da an sha baƙi ɗaya ne. Idan baki ya yi gudu, dogon wasali yakan gajarta, karin sauti ya baje, ƙananan kalmomi irin su ba da kada su shige cikin maƙwabtansu. Wanda aka ce masa kada a daina, idan kada ta ɓace masa, ya ji kishiyar abin da aka aiko. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a wannan sana'a Malam ya ga haka da idonsa.

Fensir Da Agogo

Hanyar da Malam ya zauna a kanta ba ta da wani asiri. Kafin ya shiga ɗakin ɗaukar murya yakan zauna da fensir da agogon hannunsa. Da farko ya warware alƙaluma duka, ya rubuta su da kalmomi, sa'an nan ya ƙirga. Ya san ma'aunin bakinsa, idan sanarwa ce wadda ake so a riƙe, kalma 140 ce ke cika masa minti. Daga nan sai ya karanta da ƙarfi, yana duban agogo, domin karatun zuci yaudara ne, ba ya numfashi.

Idan ɗoriyar daƙiƙa biyu ce ko uku, wannan aikin mai murya ne, ya rage tsayawa a nan, ya haɗa jimla biyu a numfashi ɗaya a can. Idan ta wuce kashi ɗaya cikin goma na lokacin, to aikin ya koma na alƙalami. Sai ya kasa abin da ke cikin takardar gida uku: abin da ake so mai sauraro ya aikata, dalilin da zai sa ya aikata, da kuma sunan wanda ya aiko. Na farko ba a taɓa shi. Na biyu ana iya taƙaita shi. Na uku jimla ɗaya ta ishe shi. Duk abin da yake ganin za a iya cirewa yakan kewaye shi da fensir, amma ba ya soke shi, domin takarda ba tasa ba ce, amana ce aka ba shi. Ya sha ganin masu murya suna tsallake layi a ɓoye don su cika lokaci, daga baya a gane, abin ya zama rigima, wani lokaci ma layin da suka tsallake shi ne doka ta ce dole a faɗa. Shi abin da yake yi, ya nuna wa mai takarda inda fensir ya kewaya, in ya yiwu ya ɗauki karatu biyu, cikakke da taƙaitacce, ya ce a saurara a zaɓa.

Zamani ya sake tun bayan da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo. A Kano, Freedom Radio ta fara aiki a 2003, wasu tashoshin suka biyo baya, talla ta yawaita, ƙananan sutudiyoyi masu zaman kansu suka bazu a gari. Kwamfuta ta maye gurbin reza. Da ita ana iya tsince numfashin mai karatu ɗaya bayan ɗaya a zubar, ana kuma iya matse magana ta yi sauri ba tare da muryar ta sirance ba. Abin da a da sai mai baiwa irin ta Malam, ya zama kowane yaro mai kwamfuta yana iya yi. Wannan bai rage matsalar ba, sai ma ya sa masu kawo takarda suka daina jin kunyar tsawonta.

Daminar 2021

A wannan shekara cutar kwalara, wadda aka fi sani da amai da gudawa, ta yi ɓarna mai yawa a Nijeriya. Alƙaluman Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa sun nuna mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauci da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Cuta ce da ke shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci, tana kuma kisa ne ta hanyar tsiyaye ruwa da gishirin jiki, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. Maganin farko sananne ne, ruwan gishiri da sukari. Sukarin yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin, ruwa kuma ya bi gishirin ya koma jiki. Idan babu na fakiti, ana haɗawa a gida: tsabtataccen ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ma'aunin kuwa ba abin wasa ba ne, domin gishiri idan ya yi yawa yana iya cutar da yaron da ake son ceto.

Ana cikin wannan hali aka kira Malam wani ƙaramin sutudiyo mai zaman kansa. Wani ofis ne ya shirya sanarwa huɗu a kan cutar, kowace ta minti ɗaya, aka ce shi zai karanta dukkansu. Wadda ta kawo ta farko wata mata ce da ba ta kai shekara 40 ba, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta koma aikin ofis. Malam ya karɓi takardar, ya fito da fensirinsa, ya ƙirga, ya sami kalma 236. Ya karanta yadda ya saba, agogo ya nuna daƙiƙa 101. Daga cikin kalmomin, 52 sunaye ne da muƙamai da godiya, kuma su ne a farko. Ma'aunin gishiri da sukari yana can kusa da ƙarshe, a cikin jimla ɗaya doguwa, an faɗe shi sau ɗaya tak.

Ya ce, "Malama, takardar nan ta minti biyu saura kaɗan ce. Ko dai a ƙara lokaci, ko a rage magana."

Ta ce, "Baba, kuɗin minti ɗaya aka biya a tashoshi, kuma shugabanmu ya riga ya sa hannu a takardar. Ai shi ya sa aka ce a nemo ka, an ce ba takardar da ke gagarar ka."

Yaron da ke haɗa sauti ya sa baki ya ce, "Baba, ka dai ɗan taka, sauran ka bar mini. Kwamfuta za ta ƙarasa."

Malam bai yi gardama ba. Ya shiga, ya tattaro tsohuwar baiwarsa, ya zuba takardar cikin daƙiƙa 74. Yaron ya tsince numfashi, ya matse abin da ya rage, ga shi ta tsaya a 60 daidai. Aka saurara. Matar ta yi murmushi, ta ce komai ya fito. Gaskiyarta kuwa, domin takardar tana hannunta, idonta yana bin layi, kunnenta yana tabbatar da abin da ido ya riga ya gani. Wannan ita ce yaudarar da ke cikin kowane sutudiyo, duk wanda ke ɗakin ya riga ya san abin da za a faɗa.

Malam ya roƙi alfarma ɗaya. A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, kowa Inna yake ce mata. Ya je da kansa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, don Allah ara mana kunnenki na minti ɗaya." Ta bar wa jikarta kasko ta shigo. Aka kunna mata sau ɗaya, kamar yadda za ta ji a rediyo. Da aka gama Malam ya ce, "Inna, in jikarki ta kamu da gudawa, Allah Ya kiyaye, yaya za ki haɗa ruwan?"

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Na dai ji an gaida manya, na ji an ce cokali shida. To, gishirin ne shida ko sukarin? Kuma kamar na ji an ce a daina ba yaro nono."

Ba wanda ya yi magana. Matar ofis ta san ma'anar gishiri cokali shida a cikin jariri fiye da kowa a ɗakin, ta kuma san abin da takardar ta ce shi ne kada a daina. Ta ajiye jakarta, ta jawo kujera kusa da Malam, ta ce, "Baba, nuna mini inda fensirinka ya kewaya."

Suka zauna kusan rabin sa'a. Aka sheƙe Hausar fassara. Aka cire tarihin cutar. Lambobin waya biyu aka bar ɗaya. Sa'an nan Malam ya nemi a ƙara, abin da ya ba yaron mamaki. Ya ce a raba ma'aunin jimla-jimla, a kuma maimaita shi. Matar ta duba kowace kalma da idon ma'aikaciyar jinya, ta ƙara cewa cokalin shafaffe ne, ba mai tozo ba. Zuciyar sanarwar ta koma kamar haka: "Jama'a, amai da gudawa na kisa cikin sa'o'i kaɗan. Da zarar ta fara, a ba marar lafiya ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti da shi. Ga yadda ake haɗawa. Tsabtataccen ruwa, lita ɗaya. Sukari, ƙaramin cokali shida, shafaffe. Gishiri, rabin ƙaramin cokali. A sake ji, sukari shida, gishiri rabi. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono." Jimlar ƙarshe Malam ne ya juya ta, ya kore kada daga cikinta gaba ɗaya, don kada a sake samun wadda za ta ji rabinta.

Saura sunaye. Wannan ya fi ƙarfin matar, sai ta buga wa shugabanta waya. Daga inda Malam yake zaune yana jin ta tana cewa, "Yallaɓai, mun gwada, ba a fahimta. Yallaɓai, na ji da kunnena." An daɗe ana ja. A ƙarshe aka yarda a cire sunayen mutane da muƙamansu, har da na shi shugaban, amma sunayen hukumomi uku dole su fito. Malam ya ce ya amince. Ya mayar da su ƙarshe, ya karanta su da sauri cikin daƙiƙa takwas, domin wanda bai ji sunan hukuma sosai ba ba abin da zai same shi. Sauran daƙiƙa 52 ya taka su a hankali. Aka sake kiran Inna, aka kunna mata sau ɗaya. Ta ce, "Sukari shida, gishiri rabi, ruwa lita ɗaya. Ai wannan ko jikata ta ji." Malam ya sayi ƙosan ɗari biyar ya raba wa yaran sutudiyo.

Abin Da Ya Biyo Baya

Sanarwar ta fita a tashoshi yadda aka gyara ta. Amma sauran ukun ba a kira Malam ba. Daga baya matar ta buga masa waya, cikin jin nauyi, ta ce an ce yana da tsaurin kai, an ba wani. Kuɗin sanarwa uku ba ƙaramin abu ba ne ga dattijon da ba shi da albashi, ga shi kuma lokacin biyan kuɗin makarantar jikoki ya gabato. Uwargidansa ta ce, "Malam, kai da aka ce ka karanta, ina ruwanka da gyaran takardar mutane?" Ya ce mata bai gyara ba, ya dai nuna, su suka gyara. Ta ce wannan bambancin ba ya sayen shinkafa. Bai musa mata ba.

Bayan 'yan kwanaki yana zaune a zaure da rediyonsa sai ya ji ta biyu. Wani saurayi ne, murya mai daɗi, harshe a sake, ya jero sunaye da muƙamai duka, ya bi ta kan maganar tafasa ruwa da wanke hannu kamar mai tsallake kwata. Malam bai ga laifinsa ba. Ya ji muryar kansa ce ta shekarar takin zamani, kuma ya san yau ana can ana yaba wa yaron a ofis.

Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce wa Malam sanarwarsa ta ceci ɗansa, shi ma bai taɓa da'awar haka ba. Mai murya ba ya ganin masu sauraronsa. Abin da ya gani da idonsa guda biyu ne. Na farko, Inna ta faɗi ma'aunin daidai. Na biyu, yaron nan mai haɗa sauti, wanda daga baya ya shiga aikin fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, ya zo gaishe shi wata rana da Sallah. Ya ce a can leɓen ɗan wasa shi ne agogo, idan ya rufe baki dole magana ta tsaya, kuma jimlar Hausa kusan kullum takan fi leɓen tsawo. Ya ce da farko matsewa yake yi da kwamfuta, yanzu kuwa fensir yake ɗauka ya nemi gajeruwar Hausar da za ta faɗi abin, sa'an nan ya kira wanda bai ga takarda ba ya kunna masa. Malam ya tambaye shi wa yake kira. Ya ce mai gadin gidan.

Ga ɗaliban Hausa waɗanda gobe za su zama masu fassara da masu rubuta sanarwa, akwai abin ɗauka a nan, domin galibi daga teburinsu doguwar takarda take tasowa. Wanda ya fassara, ya karanta da ƙarfi, ya duba agogo kafin ya miƙa. Wanda aka miƙa wa, ya ƙirga kafin ya shiga ɗaki, ya faɗi gaskiyar abin da ya samu tun ba a kunna na'ura ba, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Malam dai har yanzu yana karɓar ɗan aikin da ya samu, fensirinsa yana aljihun gaba, agogon nan na hannu kuwa an sake masa maɗauri sau uku. Allah Ya sa a dace, amin.